Bindigar da ba a sallama ba

Kun taso kuna jin cewa aljanar barewa ce ta cinye wa Baffanku Sale hannu. Haka ake faɗa a garinmu, haka mahaifiyarku ta ji ta ba ku, ni kuma ina gefe da kofin shayina ban taɓa cewa kanzil ba. To yau Baffa ba ya duniya, ni ma gwiwoyi sun fara yi mini sallama, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa muku da nasa. Babu ruwan aljana a ciki. Ni ne. Ke kuma Nusaiba, kin sha tambayata me ya sa in mai ambuba, wato mai sayar da gas, ya shigo layinmu na nan Alƙahira da safe yana dukan tukwanen gas da sufana nake tashi daga baranda in ja taga in rufe. Na ce miki ciwon kai yake sa ni. Ƙarya na yi miki, kuma maganar ɗaya ce da ta hannun Baffa.

Gidanmu a Tungar Mazo gidan farauta ne tun kakanni. Mu biyu mahaifinmu ya bari, Yaya Sale da ni, da gona ɗaya mai tsakuwa wadda ko gero sai ya ga dama yake fita, sai kuma bindiga. Bindigar nan ba ta maƙera ba ce. Ta Bature ce mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi, in ka karya ta ka ɗaga ka leƙa kana hango sama tar ta cikin bututun. Ku riƙe wannan da kyau: da ita Yaya ya koyi harbi, da ita ya girma, bai taɓa sabawa da adaka ba, wato bindigar maƙera da ake ɗura wa albarushi da darma ta baki a danna da sanda. Da bindigar Baba yake kawo barewa da gada, wani sa'in mazo, a yi banda a kai kasuwa. Da kuɗin naman nan na yi allo, na yi zaure, har na samu gurbin karatu a Masar. Masu ba da gurbin sun ɗauke nauyin makaranta, amma jirgi suka ce wannan naka ne. Mako bai zagayo ba na shiga ɗakin Yaya na ga ƙusar da ake rataye bindigar babu komai a kanta. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu, hannun hagun nan da ba ku taɓa gani ba.

"Ƙarfe ne fa, Auta," ya ce. "In ka zama malam ka saya mini wata. Kai dai kada ka dawo mana yadda ka tafi."

Daga ranar ya koma ɗana tarko da aron wata bindigar Bature irin ta Baba, in ya harbo a raba biyu da mai ita. Ni kuwa na bar mahaifiyarku Rabi da ƙaramin ciki a gidan iyayenta, na sauka a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, mu biyar a ɗaki ɗaya a hawa na shida. Shekara biyu kacal na yi ina karatu kaina ya kumbura. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to nawa har wuya ya kai. Duk abin da na tuno na garinmu sai in ga in ba camfi ba to bidi'a. A lokacin in ɗalibi zai je gida hutu, kaset ake cika masa da gaisuwa ya kai wa iyaye. Ni gaisuwata ba ta wuce minti biyar ba, sauran fuska biyun duk wa'azi ne. Na bi al'adun mafarauta ɗaya bayan ɗaya na yi musu tatas, wadda na fi zafafa wa kuwa ita ce sallamar bindiga.

Ga yadda ake yin ta. In mafarauci ya rasu an dawo daga maƙabarta, babban mafarautan gari zai shiga ɗakin mamacin ya sauko da bindigarsa. A fita da ita bayan gari, a ɗaure ta a jikin itace bakinta na kallon daji, a sa mata kan ashana a wurin kunna wuta, a ɗaura wa kunamar doguwar igiya, kowa ya ja baya, a ja. Ko ta tashi ko ta ƙi, sai babban ya ce, "Mai ke ya tafi, ke ma huta." In ka tambayi tsofaffi sai su ce ana yi ne don namun daji su ji ya tafi, shi kuma kada ya ci gaba da bin sawu bayan an rufe shi. Wannan bayanin na kama na yi ta duka da ayoyi da hadisai, kuma har gobe ban yarda mamaci yana bin sawun barewa ba. Kaset dai ya karɓu. Samari suka riƙa sa shi a teburin mai shayi har zaren ya saki.

Ana nan sai Kawu Mati ya rasu. Abokin mahaifinmu ne, ba a yi mai hannu irinsa ba a ƙasarmu, kuma bai taɓa riƙe wata bindiga ba sai doguwar adakarsa. Ya dawo daga daji wata rana da hantsi jikinsa na rawa, ya rataye ta, ya kwanta, kwana uku ya cika. Da mafarauta suka zo yin sallama, ɗansa Iro, wanda tela ne bai san kan bindiga daga gindinta ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa ya ce malaminmu na Masar ya ce babu kyau. Tsofaffin suka dubi juna suka juya. Daga kan Kawu Mati aka daina. Ranar da labarin ya iso ni, wallahi har kushari, dafa-dukan Misirawa, na saya wa 'yan ɗakinmu don murna.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce ta huɗu. Ina zuwa kasuwar Ataba bayan darasi ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, in ɗaukar musu jaka, in yi musu ciniki, su ba ni abin da ya sawwaƙa. Ina tarawa a cikin gwangwanin halawa a bayan littattafai, da niyya ɗaya tak: in kawo Rabi. Ke Nusaiba kina shekara uku a lokacin, ban taɓa ɗaukarki ba, hoto ɗaya gare ni naki, kina kuka a ciki ma. Gwangwanin ya kusa kai kuɗin jirgi sai saƙon Yaya ya zo cewa in kira shi. Shekarar ce waya ta shigo garinmu, ita ma a kan dutsen bayan kasuwa kaɗai take kamawa, inda wani mai laima yake ba da hayar tasa ranar kasuwa. Na shiga santaral, shagon buga waya na ƙasan gidanmu, na kira. Ya ce mai ba shi aron bindiga ya karɓe abarsa, ga amfanin gona bai yi ba, ga lokacin farauta ya matso, ga yara biyar.

"Ba tuni nake yi maka ba, Auta," ya ce. "In babu hali, wallahi babu komai."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari na shiga wani shagon kayan farauta a wajen Ataba, da wautar cewa zan sayi irin ta Baba in ba wani ɗan kasuwa ya kai masa. Mai shagon ya yi dariya har da tari. Ya ce ya shehi, ko Bamisire sai ya yi ta zirga-zirgar lasisi, bare baƙo mai takardar ɗalibi, sannan wane jirgi ne zai ɗaukar maka? Ya faɗi kuɗin mafi arha a cikinsu don dai ya kore ni, na ji ko gwangwani uku ba su kai ba. Ina juyowa zan fita na yi ido biyu da kan barewa a jikin bango, busasshe, an sa masa idanun gilashi. Na sha feɗe barewa da hannuna, amma ban taɓa jin abin da na ji ba a ranar. Na matsa dama, tana kallona. Na matsa hagu, tana kallona. Na fito titi rana tsaka, motoci na ta oda, ni kuwa gashin hannuna a tsaye.

Ya zama dai a can gida za a saya, ni in aika da kuɗin. Irin ta Baba ta fi ƙarfinmu, sai adaka, kuma biyu ne ake sayarwa. Akwai sabuwa fil a wurin maƙerin garin, wadda ya yi da ƙarfen sitiyarin mota. In na saye ta, zuwan Rabi sai wata shekara. Akwai kuma ta Kawu Mati, wadda Iro ya gaji da ganinta a bango ya ce a ba shi ko nawa ne. Kuɗinta bai kai sulusin na sabuwar ba, don duk garin babu mafaraucin da ya taya. Sun ce ba a sallame ta ba. Ni da na ji haka har wani daɗi na ji: ga araha, ga damar in nuna musu camfinsu banza ne. Yaya dai ya ce shi bai san adaka ba, in nemo masa wanda ya sani.

Mutum ɗaya na sani a duk Alƙahira da ya san adaka, Baba Abbakar mai agashe a unguwar Hayyin Ashir. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka taso hajji a ƙafa suka yada zango a can suka zauna. Ya yi farauta tun yana saurayi har kunnensa na dama ya mutu da ƙarar adaka, shi ya sa in za ka yi masa magana sai ya juyo maka na hagu. Na kwashe labarin na gaya masa yana juya nama a kan wuta, na ce ga shi babu halin ya gani.

"Ba ganinta ake yi ba, ya zol," ya ce. "Jin ta ake yi. Ranar kasuwarku ka zo da la'asar, a hau da su kan dutsen."

Ranar muka matsu mu biyu a cikin akurkin gilashi na santaral ɗin da ke kusa da tukubarsa, yana ƙamshin ƙuli da hayaƙi. Suka gaisa da Yaya kamar sun san juna, sannan ya ce a rataye sabuwar da igiya a reshe, kada hannu ya taɓa ta, a kanga wayar, a bugi bututun da bayan wuƙa can kusa da gindi. Ina tsaye dab da shi ina jin abin da ke fita. Sabuwar ta yi ƙara siririya mai tsawo, ta daɗe tana kaɗawa kafin ta mutu. Baba Abbakar ya gyaɗa kai ya ce kwayyis, lafiyarta lau, a rataya ɗayar. Aka yi shiru, sai iskar kan dutse. Sannan aka buga. Ba ta yi ƙara ba. Ɗif ta yi, kamar an ƙwanƙwasa tulu cike da ruwa. Ya ce a sake. Ɗif. Ya rufe ido ya danna wayar a kunnen hagun ya ce a ƙara sau ɗaya. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, mutumin da ke yini a kan garwashi bai yi gumi ba. Ya sauke kan wayar ya ɗora a ƙirjinsa ya dube ni.

"Ta wace ce?"

"Ta wani dattijo ce, bara ya rasu."

"An harba ta a bayansa?"

"Ai mun hana wannan, Baba. Bidi'a ce."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda ya taka abu ya shigo da shi masallaci bai sani ba.

"Mai bindigar nan bai gama da ita ba," ya ce. "Aikinsa na nan a ciki. Kada ɗan'uwanka ya ɗura mata ko ƙwayar albarushi sai an zura kara an auna zurfinta, ko a ɗaure ta a itace a ja da igiya. In son samu ne ku bar ta, ku ɗauki ta maƙerin. Araha ba ta ado."

Sai wani ya ƙwala masa kira daga waje cewa nama na ƙonewa. Ya miƙo mini wayar ya fita. Ba zan ɓoye muku abin da ke raina a wannan tsayuwar ba. Ina jin ya ce mai ita bai gama da ita ba, na toshe kunnena, na ce ga wani tsohon camfin kuma har a Masar. Sauran maganar, ta kara da awo, ta shiga ta nan ta fita ta can. Ga agogon santaral yana cin kuɗi, ga hotonki a aljihun gabana. Na ɗaga wayar.

"Yaya, dattijo ya ce duk biyun lafiya lau. Ɗauki ta Kawu Mati."

Ya ce, "Na ɗan hura ta ɗazu, Auta, iska ba ta fita ta ƙasa."

"Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Shekara guda fa tana rataye. Ka sa allura ka buɗe ƙofar wutar."

"To ko in ɗaure ta a itace in gwada?"

"Ka ji irin abin da nake faɗa! Abin da muka sha wahala muka hana, shi za ka dawo da shi ta bayan gida, kai da kake yayana? Mutane su ce me? Ka yi bisimilla ka ɗura abarka."

"To, Malam," ya ce. Ranar ce ya fara kirana Malam.

Na aika da kuɗin ta hannun wani ɗan kasuwa, ragowar na kai wa mai tikiti, na yi ta murna na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Bayan kamar kwana goma gas ɗinmu ya ƙare, kuma layi ya zo kaina. Na sauko da tukunyar tun daga hawa na shida da safe, mai ambuba yana tsaye da kekensa. Na ce masa ta wancan karon ba ta cika ba, kada ya maimaita mana. Bai yi musu ba. Ya ɗaga sufana ya bugi tawa wadda babu komai a ciki, ta ɗauki ƙara har ƙarshen layi. Ya juya ya bugi tasa. Ɗif.

"Ka ji?" ya ce. "Mai ƙara fanko ce, ya shehi. Wadda ta yi shiru ita ce cike."

Na zauna a kan matakala. A nan na ga abin tiryan-tiryan. Kawu Mati ya ɗura bindigarsa ya fita, zazzaɓi ya kama shi bai yi harbi ba, ya dawo ya cire kan ashana kawai ya rataye ta, da niyyar in ya ji sauƙi ya koma. Adaka ba a karya ta a leƙa, mai ita kaɗai ya san abin da ya bari a ciki, in ya mutu kuwa ya tafi da sanin. Abin da tsofaffin nan suke yi ke nan da igiyarsu da itacensu, suna fitar da ɗurin mamaci daga ɗakin da marayunsa ke kwana. Ni kuma na zauna a hawa na shida a wata ƙasa na hana.

Za ku ce to ai sai in kira. Na kira. Ranar kasuwa na shiga santaral na buga sau biyu, wayar mai laima ba ta shiga. Ga inda nake jin kunyar faɗa: da ta ƙi shiga sai na ji wani sanyi a raina. Don in ta shiga dole in ce na yi ƙarya, in ce kaset ɗina ya yi ɓarna, wataƙila ma in ce a sayi ta maƙerin alhali kuɗin yana wurin mai tikiti. Na ce wa kaina ai Yaya ɗan mafarauci ne, zai lura. Kasuwa ta gaba kuwa ita ce ranar da jirginku ya sauka. Ina filin jirgi da sabuwar jallabiya, kina ɓuya a bayan zanen uwarki kina leƙena, ban ko tuna da wani dutse ba. Kwananku goma sha biyu a Alƙahira aka aiko in kira gida maza.

Sandar ɗurin Kawu Mati ta ɓata tun wajen rabon kaya, sai Yaya ya yanko tasa, sabuwa, babu alamar da za ta nuna masa inda ya kamata ta tsaya. Ya buɗe ƙofar wuta da allura yadda na ce. Ya ɗura mata cikakken ɗuri irin na barewa, a kan na mamaci. Ya fita da hantsi zuwa gindin wata kanya a bakin fadama, inda Kawu Mati ya saba kwanto. Shi da kansa ya ba ni wannan daga baya: ya ce yana isa ya tarar da ita a tsaye, ita kaɗai, babu garke. Ya taka busasshen kara ya karye, ba ta motsa ba. Iska ta juya ta kai mata warinsa, ba ta motsa ba. Kallonsa kawai take yi, kamar ta gaji da jira. Ya ce sai da ya ji kamar ya juya, amma ya tuna babu ko tsaba a gida. Ya ɗaga ya ja. Masu aiki a gonaki suka ji kamar tsawa da rani tsaka. Bututun ya tsage daidai inda hannun hagu ke riƙe da shi. A asibitin birni aka ƙarasa cire abin da ya rage, daga wuyan hannu.

Barewar kuwa ta faɗi a inda take tsaye. Mafarautanmu kowa yana yi wa darmarsa tsaga da wuƙa, don in an yi farautar taro a san mai nama. Yaya tsaga ɗaya yake yi, irin ta Baba. Da aka feɗe ta, darma ɗaya aka samu a ƙirjinta, mai tsaga uku. Babu wanda bai san mai tsaga uku ba. Tsofaffin suka yi tsaye a kanta, sannan babbansu ya ce doka doka ce, nama na mai darma ne. Aka ɗauke ta sukutum aka kai ƙofar Inna Kande, matar Kawu Mati, shekara guda da wata biyu bayan an binne shi. An ce ba ta yi kuka ba. Ta leƙo ta duba ta ce:

"Ita ce. Ranar da ya dawo ba lafiya ya ce mini ya bar wata a gindin kanya, zai koma mata."

Daga nan labarin aljana ya tashi. Wasu suka ce barewar ba barewa ba ce, wasu suka ce Mati ne ya zo ɗaukar abinsa. Ni ban san me ya tsayar da dabbar nan ba, kuma na daina cewa na san abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne abin da ya fasa bututun, kuma labarin aljana ya rufa mini asiri, sai na bar shi. Wata uku ina kewaye layin Baba Abbakar, har ranar da muka yi kiciɓis a bakin masallaci. Ya dubi fuskata kawai.

"Rai ko hannu?"

"Hannu, Baba."

"Alhamdu lillahi." Ya juyo mini kunnen hagu. "Tun kaset ɗin naka, mafarauta nawa suka mutu a garinku?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da ya faɗa. Hutun shekarar na ci bashi na tafi gida. Na je wurin babban mafarauta na durƙusa, ni da rawanina, na ce ya raka ni. Gida shida muka shiga da karan dawa a hannu. A zura a bututu a yi alama, a zaro a gwada ta waje, in karan bai kai gindi ba akwai ɗuri. Uku muka samu cike, ɗaya a rataye saman gadon da jikoki ke kwana. Muka fita da su bayan gari, ni na riƙe igiyar, duk ukun suka tashi. Biyu fanko ne. Ta shidan an riga an sayar wa wani baƙo a kasuwa, ba a san sunansa ba, ba a san garinsu ba. Na yi cigiya kasuwa bakwai. Har yau ba mu same ta ba.

Na faɗa wa garin cewa na yi kuskure a kan sallamar bindiga, amma maganar santaral ban faɗa wa kowa ba. Yaya ya koyi noma da hannu ɗaya, yana ɗaura fartanya a dungulmin da tsumma. Na ɗauki karatun 'ya'yansa, na yi masa rufin kwano, duk abin da kuka ga ina aikawa kuna cewa Abba akwai zumunci, to ba zumunci ba ne kaɗai. Bai taɓa canza mini fuska ba, wannan kuwa ya fi komai ci na. Sai bara, da aka ce jikinsa ya yi tsanani na je. Muna zaune mu biyu a zaure bayan azahar, ya rame har ya koma kamar Baba. Na ce Yaya akwai abin da na ɓoye maka shekaru. Na fara tun daga akurkin gilashi. Bai bari na kai ƙarshe ba, ya ɗora mini dungulmin a gwiwa.

"Na sani, Auta. Tsohon a ƙirjinsa ya ɗora wayar, bai rufe ta ba. Duk na ji abin da ya ce, har maganar kara."

Na ce, "Ka ji? To don Allah me ya sa ka ɗura?"

Ya yi ɗan murmushi, ba na gori ba, wallahi ba na gori ba.

"Na ji shi, na kuma ji ka. Shi mai nama ne, kai kuma bindigar Baba na sayar don ka sani. In ban ɗauki maganarka ba, to me na saya?"

Kwana tara bayan nan ya rasu. Bai bar bindiga ba, babu abin da za a sallama.

Wannan shi ne abin da nake so ku sani kafin ku sake zama da 'ya'yan Baffa kuna ba su labarin aljana. Ke Nusaiba, kada ki ɗora wa kanki komai don kuɗin jirginki ne. Ba ki roƙa ba, kina shekara uku. Kai kuma Usama, da ka fara dawowa daga jami'a kana gyara wa uwarka yadda take abubuwa, ban hana ka ba, wani gyaran gaskiya ne. Amma kafin ka ce a daina abu, je ka tambayi tsohuwar me abin yake karewa. Gobe da safe mai ambuba zai shigo layi kamar kullum. Ku bar tagar a buɗe, zan zauna in ji.